Buhu biyar na yashi: tafiyata Duluth da akori-kura a tsakiyar hunturu

Ranar da zan kai ɗan yayata da kayansa Duluth, wani gari a arewacin jihar Minnesota ta Amurka, abin da na fara saukewa daga bayan mota shi ne abin da bai kamata in taɓa ba. Buhunan yashi ne guda biyar, tun watan Nuwamba suke kwance a wurin, kowanne ya daskare ya zama kamar gungumen itace. Na dubi gado da katifa da tebur da ƙaramin firiji, ga buhun shinkafa biyu da jarkar mai da uwarsa ta bugo waya daga Kano ta ce lallai a haɗa masa, na ga wuri ba zai isa ba. Na ce a raina, ai kayan nan ma nauyi ne. Muka jingine buhunan a bangon gareji, muka loda kaya, muka ja tamfol muka ɗaure tam. Lissafina ya tsaya a kan zuwa, ban yi na dawowa ba.

Motar irin wadda tayoyin baya biyu kaɗai ke ja ce. Na saye ta a watan Yuli, lokacin da Minnesota take kore shar kamar ba a taɓa yin sanyi a cikinta ba, kuma na same ta da araha har na yi ta murna. Daga baya na gane dalilin arahar. A jihar nan duk mai hali mai jan tayoyi huɗu yake nema, mai jan biyu kuwa takan daɗe a kasuwa ba wanda ya taya. Ni dai aikin fenti da ƙananan gyare-gyaren gidaje nake yi tsakanin Minneapolis da Saint Paul, bukatata wurin sa tsani da bokitai, kuma ta biya mini ita.

Dusar ƙanƙarar farko da ta sauka ce ta nuna mini halinta. Na tsaya a danja a wani ɗan hawa da ko mai keke ba zai ji shi a gwiwa ba. Wuta ta ba da hannu, na taka totur, sai na ji baya yana zuuu, mota ba ta gusa ba, gindinta na karkacewa dama a hankali. Ƙananan motoci sai kewaye ni suke suna wucewa. Da na koma gida na ba maƙwabcina labari, wani dattijo ne da aka haifa a jihar, kakanninsa daga Norway suka zo. Bai yi mini dogon bayani ba. Ya ja ni gaban motar ya ɗora hannu a kan bonet, ya ce nan inji yake, nan akwatin giya, nan kai kake zaune. Ya zagaya baya ya buga bodin da tafin hannu, ƙarfe ya amsa kamar gangar da ba komai a ciki. Ya ce, to ga tayoyin da ke ja, me ke kansu?

Maganar ke nan gaba ɗaya. Taya tana kama ƙasa ne gwargwadon nauyin da ke danna ta. Ƙaramar mota mai jan gaba injinta na zaune daidai kan tayoyin da ke ja, shi ya sa take tafiyarta. Akori-kura kuwa an ƙera ta ne don ta ɗauki kaya, in babu kayan, fiye da rabin nauyinta yana gaba, tayoyin da aka ɗora wa aiki suna can baya kusan a sake. A kan busasshiyar kwalta ba ka sanin haka. Sai ƙasa ta yi santsi.

Ina tsaye a wurin sai na tuna hanyar kasuwa daga ƙauyenmu zuwa Haɗeja da damina. Duk sanda mota ta kafe a taɓo, direba ba ya cewa kowa ya sauka. Mata da yara yake saukewa, ya ce ƙarti huɗu su koma baya su tsaya daidai kan taya suna dannawa, sauran su tura, yaron mota na biye da waigi a hannu. Shekara da shekaru ina ganin haka, ban taɓa tambayar dalili ba, sai ga shi wani dattijo a wata nahiya yana faɗa mini shi a cikin sanyi.

A nan yashi ne ke aikin ƙartin. Ana sayar da shi a shagunan kayan gini da gidajen mai da zarar sanyi ya kawo kai, cikin dogayen buhuna masu kama da matashin kai, ɗaya fam 60 ke nan, kimanin kilo 27. Biyar suka ba ni kilo 135 ko sama da haka kaɗan. Dattijon ya taya ni haɗa katako muka yi musu gurbi tsakanin tudun tayoyin nan biyu na cikin bodi, don kada su riƙa yawo.

Sai maganar taya. Na je wurin masu taya da niyyar sayen na hunturu guda biyu, in sa a baya tunda su ke ja. Mai shagon ya girgiza kai. Ya ce in baya ya kama ƙasa gaba bai kama ba, motar za ta tashi lafiya lau, amma ranar da ka karya kwana ko ka taka birki za ta miƙe da kai inda ba ka nufa ba, domin sitiyari da yawancin birki a gaba suke. Huɗu ko a bari. Kuɗin ya yi mini nauyi a lokacin, amma na biya, kuma yau in wani ya tambaye ni abu ɗaya da zai fara kashe wa kuɗi, taya zan ce masa kafin komai. Ya nuna mini tambarin da ake dubawa a gefenta, dutse mai kawuna uku da hoton ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki. Ya sa na danna farcena a kan robar, na ji ta da laushi, ga wasu siraran tsagogi birjik a jikin zanen kamar an bi da reza. Robar taya ta yau da kullum takan fara taurara in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas, ta koma kamar tafin tsohon takalmi, ita kuwa wannan an haɗa ta ne ta zauna da laushinta, tsagogin su riƙa buɗewa suna cizon ƙanƙara. Ba sabon abu ba ne: tun 1934 kamfanin Nokian na ƙasar Finland ya fara yin tayar hunturu, kuma a lardin Quebec na Kanada doka ce, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris dole motarka ta kasance da ita. Akwai masu ƙananan ƙusoshi a jiki, waɗanda suka fi kowace kama ƙanƙara tsagwaronta, amma Minnesota ta hana mazaunanta sa su saboda yadda suke cinye titi.

To da waɗannan tayoyin, da kaya maƙil a baya, muka kama hanya wata safiyar Janairu.

Gari ba ya wayewa da wuri a wannan lokaci, sai wajen ƙarfe takwas saura rana take leƙowa. Kafin mu tashi na duba manhajar 511 ta hukumar hanyoyin jihar, wadda ke nuna inda aka share da inda ba a share ba, har da hotunan da kyamarorin motocin shara ke ɗauka. Na sa geji a tayoyi huɗun, domin sanyi yana shan iska: duk digiri 5 ko 6 da sanyin ya ƙaru, taya na rasa kusan ɗigo ɗaya a geji. Na cika tanki. A bayan kujera akwai bargo biyu, shebur, igiyar jan mota, wayar tada batir, tocila da dabino. Ba a fafe gora ranar tafiya, waɗannan tun farkon sanyi suke wurin.

Babbar hanya mai lamba 35 ce ke kai mutum Duluth, tafiyar kimanin kilomita 250. Hanya ce da ta taso tun daga Laredo a bakin iyakar Meziko, ta ratsa Amurka ta tsakiya, ta zo ta ƙare a Duluth ɗin. Rassanta biyu, na Minneapolis da na Saint Paul, suna haɗewa kusa da Forest Lake, daga nan sai gonaki farare fat, sai daji ya fara. Motar tana tafiya kamar an ɗora ta a kan dogo. Yaron ya ce, "Kawu, ashe dai ba ta da matsala, kullum kana kuka da ita." Na ce masa yau tana da kaya ne.

Mun tsaya a Hinckley, kusan rabin hanya, muka sha shayi a cikin mota. Garin da gobarar daji ta cinye ke nan ranar 1 ga Satumba 1894, mutum fiye da 400 suka mutu, abin da wuya mutum ya kwatanta shi a ransa yana kallon wurin lulluɓe da ƙanƙara. Bayan Sandstone muka cim ma motar shara, katuwa mai ruwan lemo, tana ture dusa gefe tana watsa gishiri a baya. Hukuma na cewa a bar tazarar tsawon mota goma tsakaninka da ita. Na bar fiye da haka, na bi ta a sannu har inda ta ratse. Wasu suna ƙosawa su wuce ta, ni ban ga hikimar barin hanyar da aka share maka ka shiga wadda ba a taɓa ba. Amma gishirin ma yana da iyaka. In sanyi ya wuce digiri 9 ko 10 ƙasa da sifiri ƙarfinsa na raguwa ƙwarai, kuma ranar mun wuce nan nesa. Titi yana iya yin baƙi wuluk kamar busasshe alhali wani siririn gilashi ne a kansa.

Wanda bai taɓa shiga Duluth ta wannan hanya ba, ya tsaya a Thompson Hill. Kana cikin daji kana tafiya, sai ƙasa ta buɗe a gabanka gaba ɗaya: kogin Saint Louis, gadoji, manyan rumbunan hatsi, tashar jiragen ruwa, can ƙetare garin Superior na jihar Wisconsin, bayansu kuma ruwa har inda ido ya gaza. Tafkin Superior ke nan, wanda a tafkunan ruwan daɗi babu mai faɗinsa a duniya, murabba'in kilomita dubu 82, ya fi jihar Neja girma, ita da ta fi kowace jiha faɗi a Najeriya. Ranar tururi ne ke tashi daga kansa kamar tukunyar da aka buɗe, saboda ruwan bai daskare ba kuma iskar da ke bisansa ta fi shi sanyi nesa ba kusa ba. Yaron ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce, "Ikon Allah."

Shi garin a jikin tudu aka gina shi. Daga bakin ruwa zuwa saman tudun hawa ne na sama da mita 200, kuma tsarin titunan iri biyu ne: masu bin gefen tafki a kwance suke, masu ratsa su kuwa miƙewa suke sama kai tsaye kamar tsani. Gidan da yaron ya kama ɗaki yana kan ɗaya daga cikin masu hawan nan. Muka haura ba ko tangarɗa, na faka a gefen titi, hancin mota na kallon sama. Abokan zamansa biyu suka fito, cikin rabin awa an kwashe komai. Muka haɗa gado, muka ci abinci, muka yi Azahar, muka ɗan taɓa hira sai ga La'asar ta shigo, domin a can da hunturu sallolin rana a jere suke, kafin ƙarfe biyar Magariba ta yi. Na ce bari in kama hanya tun da sauran haske.

Na tada mota, na sa giya, na saki birki, na taka totur yadda na saba. Sai zuuu.

Tayar dama ta baya ce ke juyawa ita kaɗai, wadda ke gefen kwata inda ƙanƙara ta taru ta daskare. Ta hagu, wadda ke kan wuri mai ɗan dama-dama, ko motsi ba ta yi. Haka yawancin motoci suke. A tsakiyar aksul na baya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, akwai wani tulun ƙarfe mai haƙora a ciki, shi ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin biyu, ya bar ta waje ta fi ta ciki gudu in ana kwana. Amfaninsa ke nan, kuma nan ne rauninsa: ƙarfin da yake ba kowace taya ba ya wuce abin da mai raunin cikinsu za ta iya riƙewa. In ɗaya ta hau santsi, ita za ta yi ta wulwulawa, 'yar uwarta ta zauna. Mai jan biyu ta koma mai jan ɗaya, ɗayar ma wadda ba ta da ƙasa.

Yaron na tsaye a gefe yana cewa, "Kawu, ƙara wuta! Ƙara wuta!" Na ƙara. Wannan shi ne kuskure na biyu a ranar, kuma na san kuskure ne tun ƙafata na kan totur. Taya mai juyawa a wuri ɗaya tana narkar da saman ƙanƙara da zafinta, ruwan ya sake daskarewa nan take. Da na sauka na duba, ƙarƙashinta ya zama wani ɗan kwano mai sheƙi, sumul kamar an goge faranti. Abin da ya fi tayar mini da hankali, motar ta zame baya kamar taki ɗaya, kuma akwai motar wani a fake a bayana. Tazarar da ta rage ba ta fi kamu uku ba.

Ya ce, "Ko mu rage iskar tayar, yadda direbobin Nguru ke yi a rairayi?" Tunani ne mai kyau a inda ya dace. A rairayi so kake taya ta baje ta yi iyo a sama kada ta nutse. A nan babu inda za ta nutse, ƙasa ce mai tauri da santsi, abin da take bukata a danna ta. Ga kuma tafiyar kilomita 250 a gabana, ba zan hau babbar hanya da taya a saɓule ba.

Muna cikin haka sai matar da ke da gidan ta fito, dattijuwa ce doguwa, da bokiti a hannu ɗaya da guntun shebur a ɗayan. Ba ta dube ni ba sai da ta leƙa cikin bodi. Ta ce, ina nauyinka? Na ce yana Minneapolis, jingine da bangon gareji. Ta gyaɗa kai kawai, ta miƙa wa yaron shebur ta ce ya kankare gaban tayoyin baya biyu har ya ji ya taɓa abu mai kaushi. Ta ɗebi abin da ke bokitin, yashi ne gauraye da 'yar tsakuwa, ta cusa a ƙarƙashin kowace taya, ta zuba layi biyu zuwa gaba kamar tsawon mutum. Sannan ta kira samarin nan uku ta ce su hau baya, su zauna a kan tudun tayoyi, biyu a dama inda ake zamewa, ɗaya a hagu, su riƙe bodi da kyau.

Ni kuma ta zo taga ta ce in miƙe sitiyari sak, don tayar gaba da ke karkace ita ma turjiya ce. In sa giya ta biyu, kada in tashi da ta ɗaya, saboda ta ɗaya ƙarfinta ya yi wa wannan ƙasa yawa. In saki birki a hankali, in taɓa totur kamar akwai ƙwai a ƙarƙashin ƙafata. In kuma na ji ta kama, kada in tsaya sai na kai titin da ke kwance.

Na yi bisimilla. Na ji tsakuwa na ƙara ƙurus-ƙurus a ƙarƙashi, motar ta ɗan yi jim, sai ta ɗaga. Taki ɗaya, biyu, ta fita daga kwanon, ta hau tsakiyar titi inda aka watsa yashi, ta haura har mahaɗa, na karya dama na tsaya a wuri mai lebur. Samarin suka diro suna ihu. Inji ɗaya ne, taya ɗaya ce, tudun bai canja ba. Mutum uku da bokitin yashi ne suka shiga tsakani.

Hannuna na rawa na fito na yi mata godiya. Ta ce a garin nan mai irin motata ba ya fakawa yana kallon sama in yana da zaɓi, ya nemi titi mai kwance ko ya juya hanci ƙasa. In zai hau tudu ya bi manyan hanyoyin da bas ke bi, su ake fara sharewa, ya ɗauko ɗan gudunsa tun daga ƙasa ya riƙe shi daidai, kada ya tsaya a tsakiya in ba dole ba. Ta kuma ce ana sa ran dusa da dare. Na dubi sama, rana ta riga ta faɗa bayan tudu. Na ce yau kwanan Duluth ya kama ni.

Daren nan muka je shagon kayan gini na sayi wasu buhu biyar, da katako biyu, da igiyoyin ɗaure kaya masu ƙugiya. Yaron, da ƙarfinsa na saurayi, kafin in biya kuɗi ya riga ya jera su a bakin ƙofar bodi, can ƙarshen mota, don nan ne ya fi sauƙin kaiwa. Na ce a'a, ɗana, shigo da su ciki. Duk nauyin da ya wuce aksul zuwa baya yana aiki ne kamar sikeli, yana danna baya yana ɗaga gaba, sai ka sayi jan baya da kuɗin sitiyari. Kuma ranar da gindin mota ya fara lilo, nauyin da ke can ƙarshe shi ke ƙara masa ƙarfi, kamar dutse a bakin majaujawa. Wurinsa daidai kan aksul, ko ɗan gaba da shi kaɗan. Muka kwantar da su tsakanin tudun tayoyi, muka tokare da katako gaba da baya, muka ɗaure da ƙugiyoyin bodi har sai da na ja da ƙarfina ban ji sun motsa ba. Ɗaurin nan ba ƙawa ba ne. Buhu mai kilo 27 da ya daskare dutse ne, in aka yi karo ko birkin gaggawa, gilashin da ke bayan ƙeyarka ba zai tare shi ba. Shi ya sa ban yarda da masu zuba bulo ko guntayen ƙarfe a sake ba. Yashi ya fi, ko ba komai in ka kafe sai ka farke buhu ɗaya ka zuba a ƙarƙashin taya. Kuma ba a cika shi: nauyin da ya wuce kima yana tsawaita birki, mota ba ta tsayawa inda ka so.

Na kwana a ƙasa kan bargo a ɗakin yaron. Da safe dusa ta sauka kamar tsawon yatsa, tana kuma ci gaba. Kafin in tafi na ce sai na ga gadar nan da ake ɗagawa, wadda ke bakin mashigar tashar jiragen ruwa. Tun 1905 ƙarfenta ke tsaye a wurin, daga baya aka mayar da ita mai ɗagawa sama ɗungurungum jirgi ya wuce ta ƙarƙashi. Mun yi sa'a, wani dogon jirgin dakon tama yana shigowa, gabansa duk ƙanƙara ta yi masa farin gemu. Na ƙarshe-ƙarshe ne a kakar, domin ranar 15 ga Janairu ake rufe mashigar Soo, ƙofar da jirage ke bi su shiga ko su fita daga tafkin a can gabashinsa, ba a buɗewa sai 25 ga Maris. Da zan mayar da yaron gida na bi ta titin jiya da gangan. Na tsaya cak a daidai inda na kafe, na sa giya ta biyu, na taɓa totur. Ta tashi ba gardama.

"Kawu, ka kira ni in ka isa," ya ce. Na ce to, ya riƙe karatu, ya riƙe salla, ya kuma gaishe mini da dattijuwar.

Dawowar ta ɗauke ni awa huɗu a maimakon biyu da rabi. Sannu ba ta hana zuwa. Ban kunna na'urar riƙe gudu ba, don a kan santsi ƙafa ce ya kamata ta ji abin da taya ke ji. Kusa da Moose Lake, a kan wata gada, na ji gindin motar ya ɗan yi wani motsi zuwa hagu. Gada kan riga sauran titi daskarewa, tunda iska na bi ta sama da ƙasanta. Ban taɓa birki ba. Na ɗaga ƙafa daga totur a hankali, na kafa ido inda nake son zuwa, hannu ya bi ido, sai ta dawo layinta kamar ba a yi ba. Ba na shakka da jiya ne, babu komai a baya, da labarin ya bambanta.

Gaba kaɗan na ga wata katuwar mota mai jan huɗu a cikin kwari tsakanin hanyoyin biyu, dusa har ƙofa, mutanen ciki suna tsaye lafiya, ɗan sandan hanya na tare da su. Ban san yadda aka yi ba, kuma na yi musu addu'a. Amma abin da maƙwabcina ke yawan faɗa ya faɗo mini: jan huɗu yana taimakon tashi ne, wurin tsayawa kowace mota taya huɗu gare ta, birki huɗu. Na taɓa tunanin sa wa tawa irin tulun aksul mai kulle tayoyin biyu su ja tare, kamar wanda ke zuwa a wasu motocin Chevrolet da GMC da lambar G80. Da ina da shi, mai yiwuwa da tayar hagu ta fitar da ni jiya. Sai dai shi ma da nasa halin, in tayoyin biyu suka zame tare a kan ƙanƙara babu mai riƙe gindin mota, sai ya tafi gefe. Na bar maganar tukuna.

Na iso gida ana kiran Magariba a wayata. Fitilar mota ta haska bangon gareji, ga buhuna biyar na jiya a jingine inda muka bar su, dusa ta yi musu hula. Na kira yaron na ce na sauka lafiya. Washegari maƙwabcina ya zo da zarto, muka yanka faifan katako daidai faɗin bodi, muka kwantar da shi a kan gurbin yashin muka ɗaure da noti, yadda ko gado ne ko firiji sai dai a ɗora a sama, buhunan na ƙasa ba mai taɓa su sai Afrilu. Biyar ɗin da suka yi saura kuwa ya kwashe su a baro, ya ce jikansa ya sayi irin motata.